Kdump ko Netconsole: Wanne Zai Tona Abin da Ya Kayar da Kernel?

Sabar Linux ta fara faɗuwa bayan an ɗaga shmmax da shmall, wato saitunan kernel (zuciyar Linux) da ke iyakance ƙwaƙwalwar da manhajoji ke rabawa? Hanya biyu gare ka don gano dalilin.

Netconsole yana tura saƙonnin kernel ta UDP, wata hanyar aika bayanai tsakanin kwamfutoci, zuwa wata kwamfuta. Haɗa shi ba wuya, sai dai saƙonnin kawai za ka samu.

Kdump kuwa yana ajiye hoton ƙwaƙwalwar cikin fayil mai suna vmcore idan kernel ya faɗi. Ka buɗe shi da manhajar crash, ka buga umarnin ipcs, sai ga yankunan ƙwaƙwalwar da ake rabawa a gabanka. Amma saitin crashkernel zai ware wa kdump wani ɓangare na RAM, rubuta vmcore kuma yana cin lokaci. A nan Kaduna, in aka ɗauke wuta ana cikin rubutawa, babu UPS, an yi asara.

Duk da haka kdump nake zaɓa, domin ɗaga shmmax kaɗai bai isa ya kayar da lafiyayyen kernel ba, don haka sai an duba ƙwaƙwalwar kanta a gano ainihin dalilin.