Abin da na gani a gidajen masu lalurar ƙwaƙwalwa a Jamus

'Yan'uwa na gida, gaisuwa da fatan alheri. Duk wanda ya kira ni, tambayarsa ba ta wuce kuɗin haya da farashin mota ta hannu. Waɗannan za ku ji su a bakin wasu. Ni yau labarin aikin da nake ci da kaina da shi a Bielefeld zan ba ku: taimakon manya waɗanda aka haifa da lalurar ƙwaƙwalwa, irin waɗanda a wajenmu ake ce wa 'yan ruwa, a ɓoye su a ƙuryar ɗaki idan baƙi sun zo.

A nan coci ce ta ɗauki kaso mai tsoka na wannan hidima. Furotesta suna da ƙungiyar agajinsu mai suna Diakonie, Katolika suna da tasu, Caritas. A garin nan ne babbar cibiyar kula da naƙasassu ta Bethel take, wadda aka kafa a 1867 don yara maza masu farfaɗiya, sannan Fasto Friedrich von Bodelschwingh ya karɓi ragamarta a 1872. Yau ma'aikatanta sun haura dubu 20, har unguwa guda ce da sunanta. Tun 1888 suke karɓar tsofaffin kan sarki daga jama'a, masu lalurar su tantance su a sayar.

Ni wata ƙaramar cibiya ta coci nake yi wa aiki. Cikin waɗanda nake zuwa wurinsu akwai wani mutum da ya haura shekara 40, karatu ba ya iya shi, lissafi sai da ƙyar. Amma gidan haya yake shi kaɗai, ɗaki da falo, mukulli a aljihunsa. Ban isa in shiga ba sai na danna ƙararrawa ya buɗe mini. Takardar cefanensa hotuna ne: madara, burodi, ƙwai, ayaba. Mu tafi kantin Aldi tare, shi ke tura kwando, shi ke ƙirga sulalla a gaban mai kanti, layi ya yi tsawo a bayanmu, ba wanda ya yi tsaki. A jikin injin wankinsa an manna jan tambari a kan maɓallin da zai danna. Maganin farfaɗiyarsa na cikin wani ɗan akwati mai gida bakwai, kowace rana da gidanta. Aikina in tsaya a gefe in ga ya yi da kansa, ba in yi masa ba, kuma wallahi wannan ya fi wuya, don hannun Bahaushe ya saba da karɓar aiki daga mai rauni.

Kada ku ɗauka baikon ranar Lahadi ne ke biyan wannan. Coci na gudanarwa, gwamnati ke biya, saboda haƙƙi ne da doka ta ba shi. Dokar da aka zartar a ƙarshen 2016 ta ƙara ƙarfafa cewa sai an zauna da mutum an tambaye shi inda yake so ya zauna da irin taimakon da yake buƙata. Magani kuwa inshorar lafiya ce ke ɗauka, abin da mutum zai cika bai wuce Yuro 5 zuwa 10 ba. Ku tuna uwar da ke Kurna ko Tudun Wada, wadda ke sayar da akuyarta don sayen maganin farfaɗiyar wata guda. Ba a kuma tilasta wa kowa shiga coci. Akwai wata Baturkiya Musulma a cikinsu, ana kiyaye mata abincinta, ni ma ba wanda ya taɓa hana ni sallah.

Jamusawa ba haka kawai suka wayi gari da wannan tsari ba. A 1940 da 1941 gwamnatin Hitler ta kashe naƙasassu da masu taɓin hankali sama da dubu 70 da iskar gas, kuma har yau wannan tabo na damun su.

Akwai abin da ba ya yi mini daɗi. Yawancinsu suna aiki a wuraren sana'a na musamman, suna haɗa kwalaye ko shirya kusoshi a leda, amma abin da ake ba su a wata bai fi Yuro 200 da 'yan kai ba, alhali mafi ƙarancin albashi a ƙasar ya haura Yuro 12 a awa. Su da kansu suna kokawa a kan haka. Sai kuma kaɗaici. Idan na tashi aiki ranar Juma'a, akwai wanda ba zai ƙara jin muryar mutum a ɗakinsa ba sai Litinin. A gida ko yaya ne, irin wannan mutum yana cikin hayaniyar 'yan'uwa, ana suna yana nan, ana biki yana nan, kakarsa na ajiye masa tuwo. Wannan kam mun fi su.

Sai dai mu namu duk nauyin a wuyan uwa yake, ranar da ta faɗi kuma ba a san inda zai dosa ba. Muna da dokar hana nuna wa naƙasassu wariya da Shugaba Buhari ya sa wa hannu a Janairun 2019, muna da majami'u, muna da masallatai da kwamitocin zakka da waƙafi. Ina roƙon limamai da fastocinmu, wani a cikinku ya fara da gida ɗaya a unguwarsa, mai ɗaki uku ko huɗu, a ɗauki mutum biyu aiki a biya su albashi, a kuma kira iyayen a zauna da su tun suna da rai.