Rumfar mai ganyen taba a kasuwar Asawase, abin da na gani cikin wata takwas

Ni dai ba na shan taba, Baba ne ke sha tun yana direban babbar mota a hanyar Kumasi zuwa Bawku, mun yi mun yi ya bari abin ya gagara. Da aka ƙara wa sigari haraji a Ghana a 2023 kwali ya yi tashin gwauron zabi, sai ya ce in nemo masa ganye ya riƙa naɗa abinsa da kansa yadda ya ga mahaifinsa na yi. Haka na faɗa rumfar wani dattijo a kasuwar Asawase da ke Kumasi, can wajen masu kanwa.

Ganyensa iri biyu ne. Akwai mai duhu wanda aka shanya a inuwa, shi ne mai ƙarfi, masu niƙa shi da kanwa suna shaƙa su suka fi saye, sai kuma mai ruwan zinariya da ya fi sauƙi a maƙogwaro. Ya ce daga wajen Wenchi da Ejura ake kawo masa, tun da BAT, kamfanin sigari, ta rufe masana'antarta ta Takoradi a 2006 manoman da suka rage ƴan kasuwa irinsa suke sayar wa. Ganyen kam ba laifi, ba yashi ba ƙuraren itace a cikin ƙulli, kuma zai warware maka ka duba ganye ɗaya bayan ɗaya ba ya jin haushi.

Abin da ya sa na yarda da shi, na ce ya haɗa mini na wata shida tunda kaya kullum hawa suke, ya ce "ɗana, ɗauki na wata biyu, daminar Kumasi ba ta raga wa ganye." Wallahi ban ji ba. Na ƙulle a leda na tura ƙarƙashin gado, ruwan Yuni na sauka na buɗe sai ga fumfuna fari fat ta bi jijiyar ganyen, wari kamar tsohon buhu, fiye da rabi muka zubar. Da na koma bai ce ai na gaya maka ba, zama ya yi ya nuna mini: a ajiye a takarda ko buhun algarara inda iska ke ratsawa, a riƙa juyawa, in kuma hunturu ya busar da shi yana ruguzowa a hannu sai a ɗan yayyafa ruwa a nannaɗe a tsumma ya kwana, da safe ya yi laushi a zare jijiyar tsakiya a yanka.

Inda ban ji daɗi ba, da ƙulli yake sayarwa ba sikeli, wani ƙullin ya fi wani kuma kuɗi ɗaya. Ba ya karɓar MoMo (kuɗi ta waya), ba shi da takardar naɗi sai ka sake zagayawa neman takardar Rizla.

Ran nan a gabana ya kori wani yaro da aka aiko, ya ce a turo babba. Dokar lafiya ta 2012 dama ta hana sayar wa wanda bai kai 18 ba amma mu nawa muka ga ana bi.

Sai dai maganar da ta fi damuna, kuɗin ya ragu amma shan ya ƙaru. Da kwali ne Baba na ƙirga kara, yanzu gwangwani cike a gefensa ba lissafi, ga ba filta, yatsunsa sun yi ja, tarin asuba har ɗakina nake ji. Shi kansa mai rumfar ya ce masu cewa ganye ya fi sigari lafiya yaudarar kansu suke, hayaƙi hayaƙi ne. Yanzu ƙulli biyu kawai nake sayowa kuma gwangwanin a hannun Mma yake, ita ke ba shi. Ranar Talata in Allah ya yarda zan kai Baba asibitin Komfo Anokye a duba ƙirjin, da ƙyar ya yarda.