Farasitamol na ruwa na yara: yana aiki, amma awonsa ne matsalar

Da wuya ka shiga gidan da ake renon ƙananan yara ka rasa kwalbar farasitamol na ruwa a kan durowa. Ni ma tun haihuwata ta fari nake ajiye shi, kuma a daminar bana na yi amfani da shi sosai a kan autana, wanda ya ɗan haura shekara biyu. Maganin yana da kyau, yana da sauƙin kuɗi, kuma yana yin abin da aka yi shi dominsa. Inda nake da ƙorafi shi ne yadda ake miƙa mana shi a kemis babu bayani, babu abin awo na kirki.

Bari in fara da alherinsa. Idan jikin yaro ya yi rau, ma'aunin zafin jiki ya nuna digiri 39, ya ƙi nono ya ƙi ruwa sai kuka, in aka ba shi daidai kima, cikin rabin awa zuwa awa ɗaya za a ga sauyi. Gumi zai karyo masa, ya karɓi ruwa, wani lokaci har ya nemi sauka ƙasa ya yi wasa. Ba kullum zafin ke komawa 37 cif ba, kuma ba dole ne ya koma ba. Abin da nake dubawa shi ne ko yaron ya samu sauƙi, yana sha, yana barci. Yana da zaƙi, don haka ba sai an yi ɗure ba. Wannan zaƙin ne kuma ya sa nake ɗora kwalbar can saman kwaba, domin murfin wadda nake saye yaro ma zai iya murɗewa ya kwankwaɗe.

Maganar awo ita ce ta fi damuna. A jikin kwali shekaru ake rubutawa, amma nauyin yaro ne ainihin ma'auni. Wata nas a asibitin unguwarmu ce ta zaunar da ni ranar awo ta ce, "Maman yara, ki riƙe nauyinsa a kanki kamar yadda kika riƙe sunansa." Lissafin shi ne miligiram 10 zuwa 15 a kowane kilo ɗaya na nauyin yaro, a bar tazarar awa 4 zuwa 6, kuma kada a wuce sau 4 a cikin awa 24. Nawa kilo 12 ne, ke nan rabonsa miligiram 120 zuwa 180. Kwalbar da nake da ita an rubuta mata 120mg/5ml, wato miligiram 120 a cikin mililita 5, don haka yana shan mililita 5 zuwa 7 da rabi. Wasu kamfanonin nasu 125mg/5ml ne, bambancin kaɗan ne. Amma akwai wanda ake ɗiga wa jarirai, mai 100mg a mililita ɗaya tak. Wannan ya ninka na ruwan ƙarfi fiye da sau huɗu. Wadda ta zuba mililita 5 daga cikinsa ta ba yaro miligiram 500, daidai da ƙwayar manya guda. Kwalaben biyu suna jere a kanta ɗaya, kuma ban taɓa jin mai kemis ya ja hankalin kowa a kan wannan ba.

Ɗan kofin roba da ke zuwa a kan murfi bai gamsar da ni ba. Layukan awonsa ba su da launi, da daddare in babu wuta ko da fitilar waya sai an yi ta ƙura ido. Wata kwalbar ma babu kofin gaba ɗaya, sai a ce maka "cokali ɗaya." Wane cokalin? Na shayi da na cin shinkafa ba ɗaya ba ne, kuma ko na shayin kowane gida da girman nasa. Abin da ya raba ni da wannan damuwa shi ne sirinji mai mililita 5 ko 10, wanda aka cire wa allura. Kuɗinsa kaɗan ne. A zuƙo daidai layi, a matsa a hankali ta gefen kumatu, babu zubewa, babu ƙwarewa.

Yawan farasitamol hanta yake lalatawa, kuma a ranar farko yaro na iya zama kamar babu komai. Hanyar da aka fi wuce kima ba da sani ba ita ce haɗa shi da maganin mura da tari, domin da yawa daga cikinsu akwai farasitamol a ciki. Yanzu duk kwalbar da za ta shigo gidana sai na karanta abin da aka haɗa ta da shi.

Na gwada ibufurofen ma, wani maganin zazzaɓi da ciwo. Ya fi daɗewa a jiki, tazararsa awa 6 zuwa 8 ce, kuma yaron ya fi samun dogon barci da shi. Sai dai ana so a bayar bayan cin abinci, ba a ba yaron da amai ko gudawa suka ƙarar wa da ruwan jiki saboda ƙoda, ba a kuma bayarwa lokacin ƙarambau. Shi ya sa farasitamol ya zama na farko a wurina. Asfirin kuwa ba na yara ba ne sam, har da garin Alabukun da manya ke sha, domin asfirin ne a cikinsa.

Abin da wannan kwalba ba ta yi shi ne kashe cutar da ta kawo zazzaɓin. A ƙasarmu Najeriya, inda kusan kashi ɗaya cikin huɗu na masu kamuwa da zazzaɓin cizon sauro a duniya suke, wannan ba ƙaramar magana ba ce. Zafi ya sauka, uwa ta yi hamdala, alhali ƙwayar cutar tana nan tana cin jinin yaro. Lokacin da zazzaɓin autana ya dawo bayan maganin ya sake shi, surukata ta ce, "Haƙori ne, 'yata, ki ƙara masa maganin." Na ce, "To Inna, bari dai a duba jininsa hankalinmu ya kwanta." Gwajin ɗan yatsa ne, minti 15 zuwa 20 sakamako ya fito. Maleriya ce. Aka ba shi maganinta na kwana uku, farasitamol ya zama mai taimako kawai. Fitowar haƙori na iya sa jiki ya yi ɗumi da yawan dalala, amma ba ta kai yaro digiri 39. Ko yaron yana karɓar maganin rigakafin damina da ake rabawa gida-gida ga 'yan wata 3 zuwa ƙasa da shekara 5, in ya yi zazzaɓi a gwada shi.

Da yawanmu tsoron jijjiga ne ke sa mu ɗura magani a kai a kai. Gaskiyar ita ce farasitamol ba ya hana jijjigar zazzaɓi, wadda ta fi samun yara daga wata 6 zuwa shekara 5. Idan ta zo, a kwantar da yaro ta gefe, kada a cusa masa cokali ko yatsa a baki, kada a ɗura masa ruwa, manja ko magani, sannan a nufi asibiti. Haka nan jaririn da bai kai wata 3 ba in ya kai digiri 38, ba a tsaya neman kwalba. Yaron da ya kasa shan nono, ko yake amayar da komai, ko numfashinsa ke fita da sauri haƙarƙari na lotsawa, ko barci ya yi masa nauyi ba ya tasuwa, ko wuyansa ya sanƙare, musamman a bazara lokacin sanƙarau, duk waɗannan na likita ne a take. A gida kuma ina rage masa kaya, ba na lulluɓe shi da bargo ko da yana rawar sanyi, ina ta ba shi ruwa, in kuma zan goge masa jiki to da ruwa mai ɗumi ne.

Inda aka sayi maganin ma abin lura ne. Ba mu manta da 2008 ba, lokacin da maganin haƙori na My Pikin, wanda gurɓataccen sinadari ya shiga, ya kashe yara fiye da 80 a Najeriya. A 2022 kusan yara 70 suka rasu a Gambiya ta irin wannan hanya. Saboda haka ba na saye a hannun masu talla da ke yawo da magani a tire cikin rana. Ina duba lambar NAFDAC, hukumar kula da ingancin abinci da magunguna, ranar ƙarewar aiki, da ko murfin a rufe yake da hatiminsa.

Zan ci gaba da sayensa, kuma ina ba kowace uwa shawarar ta ajiye shi tare da sirinji da ma'aunin zafin jiki, ta kuma rubuta nauyin yaronta a jikin kwalin duk sanda aka yi awo. Roƙona ga masu haɗa maganin shi ne su saka sirinji a cikin kwali, su yi murfin da yaro ba zai iya buɗewa ba, su kuma buga jadawalin awo bisa nauyi da Hausa, boko da ajami.