Kwikwiyon gida ko berjen Jamus?

Ɗan'uwa, tsakanin kwikwiyon gida da berjen Jamus ɗin da ake maka talla, wato babban karen nan na Turawa mai yawan gashi, ɗauki na gida. Duka biyun sun zauna a gidana nan Damagaram.

Na gidan, Duna, daga Mirriya muka kawo shi, wani manomi ya ba mu cikin ƴaƴan karyarsa, goro kawai ya karɓa. Ya hana mu ɗauka sai da ya cika sati 8 yana tsotso, kuma da gaskiyarsa, don wanda aka raba da uwa da wuri shi ne mai laulayi da yawan cizo. Yau shekarar Duna 6. Sauran tuwo da ɗan romo da tarkacen mahauta sun ishe shi. In zafin Afrilu ya haura digiri 40, sai ya tona rami a gindin dogonyaro ya kwanta abinsa har la'asar. Ya san takun kowa a gidan. Daren da aka haura mana katanga saboda ragon layya, haushinsa ya tada maƙwabta, ɓarawon ya bar takalmi ɗaya ya gudu. Autarmu kuwa har ƙofar makarantar allo yake raka ta.

Berjen, jika 60 na biya, gashinsa ya tara kaska da damina, zafi ya hana shi sakat, ruwan ƴan garuwa rabi a kansa yake ƙarewa, bai shekara ba na bayar da shi.

Ba ka tambaya ba, amma ka yi hattara da masu sa hoto a WhatsApp. Da yawa ruwa biyu ne suke sayarwa da sunan na asali, sai ya girma ka gane. In an hana ka ganin uwar, juya. Takardar rigakafi da babu tambarin likitan dabbobi da ƴar takardar kwalbar allurar a manne, kada ka yarda da ita. Babban kare mai araha kuma sau da yawa na sata ne.

Kafin kwikwiyon ya iso, tanadar masa inuwa da kwanonsa daban, nesa da ɗakin kwana da wurin salla, hakan zai kwantar wa uwargida da hankali. Kada a ba shi albasa ko ƙashin kaza dafaffe. Ranar farko kai shi ofishin kiwo a ba shi maganin tsutsa, a yi masa allurar rigakafin gudawar jini, cutar da ke kashe kwikwiyo cikin ƴan kwanaki. Ta haukan kare in ya cika wata 3, sannan a sabunta kowace shekara. Ka gaya wa yara, in kare ya cije su, ko yaƙushi ne ma, kada su ɓoye: a wanke da ruwa da sabulu minti 15, a wuce asibiti a ranar.