Agogon auna barci ga mai farfaɗiya: amfaninsa da iyakarsa

Agogon hannu mai auna barci, irin wanda ake samu a shagunan wayoyi na Babbar Kasuwar Yamai, shi muka saya wa ƙanena mai fama da farfaɗiya, bayan likita ya nemi mu riƙa lura da lokacin kwanciyarsa da na tashinsa. A ganina ya cancanci kuɗinsa wajen ajiye lissafin barci, amma bai kamata a ɗora masa gadin mara lafiya da dare ba.

Agogon yana jin motsin hannu, yana kuma auna bugun zuciya da wani koren haske da ke bayansa, sannan ya tura sakamakon cikin waya ta Bluetooth. Da muka jera wannan lissafi kusa da ranakun da ciwon ya tashi, sai muka ga mafi yawansu sun biyo bayan dararen da yaron ya raba dare a fada, wato majalisar samari, ana shan shayi, ko dararen zafin Afrilu da aka ɗauke wuta har barci ya gagara. Likitoci sun daɗe da sanin cewa ƙarancin barci yana tayar da farfaɗiya, shi ya sa wani lokaci suke hana mutum barci da gangan kafin gwajin ƙwaƙwalwa na EEG. Abin da agogon ya ƙara mana shi ne shaidar da matashi ba ya iya musantawa, kuma ita ta sa ya fara dawowa gida da wuri, abin da faɗan iyaye bai samar ba.

Rauninsa yana wajen rabe matakan barci. Bincike ya nuna farfaɗiya ba ta cika tashi a matakin mafarki ba, ta fi zuwa a sauran matakan, sai dai abin da agogon ke nunawa a nan ƙiyasi ne kawai, domin idan mutum ya kwanta shiru idonsa biyu yakan lissafa shi cikin masu barci. Babban abin da ya dame ni shi ne ba ya gane faɗuwar kanta. Akwai na'urorin da aka ƙera domin haka, kamar Embrace na kamfanin Empatica da FDA, hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka, ta amince da shi a 2018, wanda ke sanar da dangi idan jijjiga mai ƙarfi ta kama mutum, amma yana buƙatar waya a kusa, da intanet, da biyan kuɗi a kai a kai.

Batirin yana kai ƴan kwanaki, gara a yi cajinsa da rana. Madaurin roba kuwa yana tara gumi a zafin nan namu.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kusan kashi 70 cikin 100 na masu farfaɗiya za su iya rabuwa da faɗuwa idan sun samu maganin da ya dace. Saboda haka gidan da kuɗinsa ba zai isa magani da agogo ba, ya sayi maganin, ya rubuta lokutan barci a littafi da biro ya kai wa likita.