Gidan tuwon Hajiya a Jidda, inda musun Risala da Umar Mukhtar ba ya ƙarewa

Shekara uku ke nan ina cin abincin dare a gidan tuwon wata Hajiya 'yar Katsina, a wani lungu, nan Jidda. Ba allon suna a ƙofa, kowa "gidan Hajiya" yake cewa. In ka shiga lungun bayan isha'i, ƙamshin daddawa ne zai yi maka jagora.

Tuwon shinkafarta ba shi da gudaji, miyar kukar kuma da man shanu take zuwa, kukar ma 'yan Umara ke kawo mata daga gida. Da riyal 15 za ka tashi da ƙyar. Tsirenta ya ji ƙuli, har Larabawan unguwa na aiko yara su saya, su da suke ce masa "siriye". Masa dai a rabu da ita, sau biyu ina karɓa ina tarar da ɗumame. Furar kuma da laban ɗin kanti ake damawa, kada ka sa ran nonon Fulani.

Amma abin da ke zaunar da mutane har ƙarfe ɗayan dare talabijin ɗin bango ne. Ɗan Hajiya, wanda ke kawo kwanuka, fim biyu kacal ya adana, duka na darakta Mustafa Akkad, mutumin Halab ta Siriya ɗin nan da harin bam na Amman ya rutsa da shi a 2005. Ɗaya Risala na 1976, ɗaya Umar Mukhtar na 1981. Masu cin tuwo sun rabu gida biyu a kansu, har wurin zama ya nuna.

Jagoran 'yan Risala wani dattijon tela ne haifaffen Makka, muna ce masa Baba. Ya ce a kaset ɗin bidiyo ya fara ganinsa, an rufe taga, domin fim ɗin ya shekara 42 ba a yarda a nuna shi a ƙasar nan ba, sai a 2018 da aka sake buɗe sinimomi. Akkad ya ɗauki fim ɗin sau biyu ne a tare, na Larabci da na Turanci, kowanne da 'yan wasansa, kuma Baba na Larabcin kawai ya sani a matsayin fim. A wurinsa Hamza shi ne Abdullah Gais ɗan Masar. In ka ambaci Anthony Quinn, wanda ya fito a Hamza a na Turancin, sai ya ajiye lomarsa ya dube ka. Duk ranar da aka zo wurin da aka ɗora wa Bilal dutse a ƙirji, ɗakin yakan yi tsit, ko cokali ba ka ji. Na taɓa ganin Baba yana share ido da gefen shimaginsa, wato mayafin kan da mazan Saudiyya ke yafawa, yana cewa yaji ne.

Ni ina ɓangaren Umar Mukhtar, tare da wani direban tirela ɗan Damagaram. Na faɗa wa Baba dalilina. A Risala hannun Akkad a ɗaure yake, kuma daidai ne a ɗaure shi: ba a nuna Annabi (SAW) ba, ba a ji murya ba, halifofi huɗu ma ba a nuna su ba, na Sayyidina Ali takobinsa mai baki biyu kawai ake gani. Don haka rabin nauyin fim ɗin imanin mai kallo ne ke ɗauke da shi. A Umar Mukhtar kuwa ya sami fuskar da zai tsaya a kanta. Tsohon malamin allo, da tabarau da farin gemu, ya shekara kusan 20 yana hana sojan Italiya barci a Libiya. Ka ga mayaƙa suna ɗaure ƙafafunsu da igiya don kada ma zuciya ta raya musu gudu. Ka ga ranar da aka rataye shi a 1931, tabarau ya faɗi, ƙaramin yaro ya sunkuya ya ɗauka. Wannan aikin darakta ne, ba wa'azi aka yi maka ba, amma ka tashi jikinka a sanyaye. Italiya ma da ta gani hana nuna shi ta yi.

Baba ya saurara har na gama, sannan ya ce, "Ɗan nan, kai fim kake kallo. Mu ziyara muke yi." Ban sami amsa ba a daren, har yau ma ina nema.

Aibin gidan daga nan yake tasowa. Ɗan Hajiya ɗan Risala ne na gani-kashe-ni, in musu ya yi zafi sai ya tsaya da tire a hannu yana kawo hujja, miyarka tana sandarewa. Sai Hajiya ta ɗaga murya daga kicin, "Kai, fim ɗin ne zai biya hayar shago?" sannan ya motsa. Na'urar sanyaya ɗakin ta tsufa, a watan Agusta gumi da miya tare za ka sha. Kujera 12 ce, ranar Alhamis sai ka jira. Ba sa karɓar shabaka, wato biya da katin banki, ka zo da kuɗi a hannu.

Makon jiya wani ɗalibi ya kawo sabuwar rigima. Ya ce Akkad ɗin nan shi ne ya zuba kuɗi a finafinan ban tsoro na Halloween a Amurka, kuma gaskiya ya faɗa. Ya buɗe waya ya miƙa wa Baba. Baba ya ƙi karɓa, ya ce sunaye ne suka zo ɗaya, ya nemi a ƙaro masa miya.