Kulob ɗin tsofaffi a ƙauyen Kanada: abin da muka tarar ni da Hajiya

Duk wanda ya kawo mahaifinsa ko mahaifiyarsa Kanada, kuma ba a babban birni yake zaune ba, ya nemi kulob ɗin tsofaffin garinsu tun kafin sanyi ya sauka. Shawarata ke nan bayan hunturun da mahaifiyata, Hajiya, ta yi tana zuwa na garinmu, wani ɗan gari na manoman alkama a lardin Saskacewan. Akwai abubuwan da ban ji daɗinsu ba, kuma zan faɗa, shi ya sa ba zan kama sunan garin ba.

A watan Disamba rana ba ta fitowa a nan sai wajen ƙarfe 9, kafin 5 na yamma ta faɗi, sanyi kuma yakan kai 30 ƙasa da sifili. Ni da maigida muna wurin aiki, yara suna makaranta. Matar da ƙofarta ba ta rabuwa da sallama a gida sai ga ta daga taga sai WhatsApp. Motar haya babu. Kamfanin bas na gwamnatin lardin, STC, wanda ya fara aiki a 1946, an rufe shi a 2017, kamfanin bas na Greyhound ma ya janye daga yammacin ƙasar a 2018. Tsohon da ba ya tuƙi, inda aka ajiye shi nan za a dawo a same shi.

Ginin kulob ɗin ba abin kallo ba ne: ɗaki ɗaya mai faɗi na katako, da kicin, da bayi biyu. Asalinsa makarantar karkara ce mai aji guda, irin waɗanda lardin ya cika da dubbansu a da. Bayan dokar haɗe makarantu ta 1944, aka riƙa rufe su ɗaya bayan ɗaya ana kwasar yara a bas zuwa gari. Wannan ba a rushe ta ba. Ɗaga ta aka yi ɗungurungum, aka jawo ta cikin gari ta zama zauren taro. Ma'ajiyar kulob ɗin, wata tsohuwa mai kaifin baki, ta nuna mini ƙusoshin da suke rataye rigunan sanyinsu tun tana 'yar aji ɗaya. Suna nan a jere a bango, ƙasa-ƙasa daidai tsayin yara, yanzu sanduna ake ratayewa.

Kulob ɗin kansa ya samo asali ne daga shirin New Horizons da gwamnatin tarayya ta ɓullo da shi a 1972. Ba ma'aikata aka turo su kula da tsofaffi ba. Cewa aka yi waɗanda suka yi ritaya su haɗu, su faɗi abin da suke so su yi, a ba su ɗan tallafi. Na garinmu suka sayi tebura da kujeru da murhu, aikin kafinta da fenti kuwa da hannunsu. Har yau shirin yana nan, ƙungiya tana iya neman tallafi. Da lardin ya cika shekara 75 a 1980, garuruwa da dama suka rubuta tarihinsu, na nan ma 'yan kulob suka bi gida-gida suka tattara. Littafin yana kan kanta, ya sha hannu har bangonsa ya saki.

A ganina wannan ne ya sa wurin yake da rai. Babu manaja, babu mai albashi. Wanda ya buɗe ƙofa da safe shi ya share ƙanƙarar bakin hanya, wadda ta dafa kofi ita za ta wanke kofuna. Ba wanda yake jin taimakonsa ake yi. Kamar majalisar dattawan ƙofar gida ce, sai dai wannan da rajista da ma'aji, kuma mata sun fi maza yawa da iko.

Hajiya ba ta da Turanci sai na gaisuwa, na ɗauka abin ba zai yiwu ba. Ranar ɗinki ce ta warware matsalar. Mata suna zagaye da wani faffaɗan firam na katako, sun shimfiɗa bargon da aka harhaɗa da ƙyallaye, kowacce tana bin nata gefen da allura. Hajiya ta tsaya tana kallo, can ta miƙa hannu. Ta shekara da shekaru tana ɗinkin hula, don haka nata ɗinkin ya fito ƙanana, a jere, kamar na keke. Wata ta ɗaga gefen bargon ta duba bayansa, ta kira sauran su gani. A mota Hajiya ta ce da ni, “Ke, ashe hannunsu bai kai bakinsu ba.” Tun daga nan su suke zuwa ɗaukarta.

Sai inda aka gaza. Na farko abinci. Ranar da kowa yake kawo girkinsa, alade yana ko'ina, kuma ba duka ake gani ba. Naman a bayyane yake, amma ɓawon kek ɗin tuffa da kitsen alade wasu suke murza shi, kuma ba wanda ya taɓa tunanin ya rubuta. Ba mugunta ba ce, rashin sabo ne, amma sai da na yi ta tambaya har na fara jin nauyi. Daga baya muka koma kai namu. Ƙosai ya karɓu, yajin ne dai suka sha wuya.

Na biyu, yawancin kuɗin wuta da ɗumama ɗaki daga bingo, wato wasan sa'a na lambobi, da tikitin sa'a suke fitowa, kartar ma wani lokaci da 'yan sulalla ake yi. Hajiya ta ce ita ba ruwanta da caca, ba kuma wanda ya matsa mata, sai dai kwanakin zuwanta sun ragu. Wurin sallah babu. Ɗakin ajiyar kujeru aka ba ta, ga sanyi, ga azahar da la'asar kusa da juna a hunturu.

Abin da ya fi damuna kuwa ba laifin kowa ba ne. Masu riƙe da wurin sun haura tamanin, 'yan sittin ɗin garin kuma ba su yarda sun tsufa ba, 'ya'yansu duk sun koma biranen Saskatun da Kalgari. A taron shekara an daɗe ana kallon-kallo kafin a sami mai karɓar shugabanci.

Kuɗin rajistar shekara bai taka kara ya karya ba, na kofi kuma a gwangwani ake jefawa. Kada ku ɓata lokaci neman jadawalinsu a intanet, a allon sanarwa na gidan waya ake manna shi da rubutun hannu. Ku fara kai tsohuwarku ranar ɗinki, ba ranar karta ba, ku tafi da takalmin cikin ɗaki don a bakin ƙofa ake cire na waje, kuma zuwan farko ku zauna tare da ita har a tashi.